Yadda ake yawon Zanzibar a kwana huɗu in daga Katsina ka taso

Tunda muka dawo ni da uwargida ake tsare ni a majalisarmu ta Ƙofar Ƙaura da tambayoyi iri ɗaya, wai ta ina aka bi, wai da gaske ruwan haka yake shuɗi shar ko gyaran hoto ne, wai akwai abincin da Bahaushe zai iya ci. Wallahi na gaji da maimaici, shi yasa na zauna na zuba shi a rubuce daki-daki, duk mai niyyar zuwa ya karanta ya huta nima in huta.

Abu na farko da zaka sa a ranka, Zanzibar ba ɗan tsibirin da zaka zagaye da ƙafa bane. Babban tsibirin da kowa ke zuwa sunansa Unguja, tsawonsa ya kai kilomita 85, kaga kusan daga nan Katsina zuwa Daura kenan, akwai kuma ɗan'uwansa Pemba can arewa wanda a kwana huɗu ma kada ka fara tunaninsa. Duk ɓangare ne na Tanzaniya tun haɗewar 1964, amma suna da shugabansu da majalisarsu. Kusan kowa Musulmi ne, kiran sallah zaka riƙa ji ta ko ina, kuma wannan ne ma ya sa na zaɓe shi a kan sauran wuraren da ake ta tallatawa.

Takardu tukuna

Ba a fafe gora ranar tafiya. Fasfo ɗinka ya zama da sauran aƙalla wata shida a jikinsa. Biza kuma ita ce wurin da mutanenmu ke cin tuntuɓe, don zaka ji ana cewa ai a filin jirgi ake bugawa, eh ana buga wa wasu ƙasashen, amma mai fasfon Najeriya sai ya nema ta intanet an tantance shi an amince tun kafin ya taso. Kuɗinta dala 50. Shawarata ka nema da wata biyu a gaba, kuma kada ka biya tikitin da ba a canza masa rana sai amsa ta fito, ni na san abinda na gani na zaman jira, kullum da asuba ina duba imel kamar mai jiran sakamakon jarabawa.

Sai katin rigakafin shawara, wanda ake cewa yalo kad, na gaskiya fa ba na bayan fage ba, allurar kuma a yi maka ita kwana goma ko fiye kafin ranar tafiya. Sai inshora, tun watan Oktoba 2024 gwamnatin Zanzibar ta wajabta wa duk baƙon da zai shiga ya sayi tata inshorar, dala 44 kowane babba, ko da kana da wata daban. Ka saya ta intanet ka buga takardar ka riƙe a hannu, kar ka dogara da waya kawai don caji na iya ƙarewa a hanya.

Jirgi, babu mai tashi daga filin Umaru Musa Yar'adua ya dire can. Mafi sauƙi garemu shine ka shiga mota zuwa Kano, mutanen Daura ma ta Kazaure sun fi mu kusa, ka hau Ethiopian zuwa Addis Ababa ka canza wani ya sauke ka filin Abeid Amani Karume. Tunda ta Kano zaka bi to ka tsaya Wapa ka canji dala, kuma ka dage a baka sababbi masu tsafta, tsohuwar dala ko mai yagewa ko rubutu a jiki can ɗin juya ta suke yi su miƙo maka abarka. In ka sauka ka canji wani kaso zuwa shilin ɗin Tanzaniya, shi zaka riƙa kashewa a kasuwa da mota da abinci. Katin naira kar ka ɗora masa rai.

Lokacin zuwa kuma, daga Maris zuwa Mayu damina ce mai ƙarfi a can, ruwa kamar da bakin ƙwarya, kuɗin otal na sauka amma rabin yawon zai lalace. Yuni zuwa Oktoba shine daidai, ba ruwa kuma ba zafi sosai. Disamba zuwa Fabrairu, lokacin da mu muke fama da hunturu da tsagewar leɓe, su zafi ne da gumi, amma teku na da daɗin shiga.

Kayan da zaka zuba a jaka

Kaya marasa nauyi, jallabiya, wando mai saurin bushewa, mata kuma doguwar riga mara kauri da mayafin da ba zai riƙe ruwa ba. Takalmin roba mai rufe ƙafa, zan faɗi dalilinsa a gaba. Yajinka na gida, don Allah kada ka manta yaji, abincinsu akwai ƙamshi amma barkono sai a hankali. Cajarka zata shiga soket ɗinsu ba sai ka sayi komai ba, irin namu ne mai baki uku. Baƙar leda ɗin nan da muke ƙunshe komai da ita, takalmi a leda sabulu a leda, to ka cire, Tanzaniya ta haramta ledar zuba kaya tun 2019, ka nemi jakar yadi ko ta takarda.

Abu biyu da suka ruɗa ni a ranar farko

Alƙibla. Mu nan in an ce gabas an gama magana, har gabas ɗin ta zama sunan alƙibla a bakinmu. Muna shiga ɗaki na leƙa taga na lissafa inda rana ke fitowa na shimfiɗa darduma, uwargida ce ta nuna mani 'yar kibiya a jikin silin tana kallon wani wajen daban. A Zanzibar arewa ake fuskanta, Makka na saman su ne kusan sak. Ka duba kibiyar ko ka tambaya. Mafi yawansu Shafi'awa ne, akwai kuma Ibadawa da suka samo asali daga Oman, in ka ga ɗan bambanci a sallah kada ka ɗaga hankalinka, bi liman kawai.

Na biyu agogo. Suna gabanmu da awa biyu, wannan mai sauƙi ne waya zata gyara kanta. Mai wuyar shine yadda suke ƙirga lokaci da Swahili, daga wayewar gari suke farawa, ƙarfe bakwai na safe shine saa moja wato awa ɗaya, takwas saa mbili, haka haka. Direban da zai kai mu gona ya ce mani saa nne, na duba na ga nne huɗu ne, na ce toh sai la'asar kenan na koma na kwanta, ƙarfe goma na safe sai ga bawan Allah yana jiranmu a ƙasa mu ko wanka bamu yi ba. Duk alƙawarin lokaci da zaka yi da direba ko mai kwalekwale, ka sa ya nuna maka a fuskar waya da lamba.

Yadda zaka raba kwanakin

Dare biyu a cikin tsohon gari, Stone Town, dare biyu a bakin teku wuri ɗaya. Na ce wuri ɗaya ne don ni na yi kwaɗayi, na kwana ɗaya a Paje can gabas ɗaya a Nungwi can arewa, rabin yini guda ya tafi a cikin mota da haɗa kaya da warware kaya, taura biyu dai bata taunuwa.

Ranar farko kar ka tsara komai da rana, daga filin jirgi zuwa gari bai fi minti ashirin ba, ka yi ciniki da mai tasi kafin ka shiga ko ka sa masaukinka su aiko mota. Ka sani mota bata shiga lungunan tsohon gari, za a sauke ka a baki ne ka ja jakarka, to kada ka kwaso akwatuna kamar mai kai lefe. Ka sayi layin waya, Airtel ko Vodacom, da fasfo ake rajista. Ka yi barci. Bayan la'asar ka fito ka nufi bakin ruwa, lambun Forodhani, nan ne zaka fara ganin teku sosai, rana na faɗawa cikin ruwa ga jirage masu filafilai suna wucewa, samari kuma suna ta tsalle daga kan katanga suna faɗawa ruwa suna juyi a sama. Ni da mafi girman ruwan da na taɓa tsayawa a gabansa shine dam ɗin Jibiya, na daɗe tsaye ban ce uffan ba.

Ana yin magariba wurin sai ya koma kasuwar abinci, tebura da fitilu da hayaƙin gashi. Ga yadda zaka ci ba tare da ka yi nadama ba. Ka fara zagayawa sau ɗaya baka sayi komai ba, ka lura da inda 'yan gari suka yi layi. Ka tambayi kuɗi kafin a ɗora maka a wuta, bei gani ake cewa, don in an riga an gasa sai abinda mai kaya ya faɗa. Ka ci mishkaki, tsirensu ne sai dai babu ƙuli, nan yajinka zai yi rana. Ka sha urojo, wani romo ne mai kauri mai tsami-tsami da dankali da su ƙosai a ciki, ni shi ya fi burge ni a duk abincin garin. Akwai abinda suke kira fizar Zanzibar, fulawa ce ake murzawa a zuba nikakken nama da ƙwai da albasa a naɗe a soya, sai ruwan rake da ake matsewa a gabanka da citta da lemun tsami. Kayan teku da aka jibge a tebur, kaguwa da jatan lande da wani mai hannuwa takwas da suke cewa pweza, halal ne a mazhabarmu ba matsala, amma cikin Bakatsine bai saba ba kuma wasu an dafa su tun ɗazu ana ɗumamawa ne kawai, ka bari sai ka je bakin teku inda ake fito da su ɗanye a gabanka.

Rana ta biyu, tsohon gari da kunkuru

Ka fito da sassafe kafin rana ta buɗe. Ka ɗauki ɗan rakiya mai katin shaida na awa biyu ko uku, masaukinka zasu haɗa ka da shi, ba wanda ya tare ka a titi yana maka sallama da fara'a ba. Irin waɗancan 'yan garin da kansu papasi suke ce masu, ma'anarsa kaska, kaga sunan ya isa bayani. In sun matsa ka ce hapana asante, a'a na gode, ka wuce abinka ba faɗa.

Garin nan hukumar UNESCO ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta sa shi cikin wuraren tarihi na duniya a 2000, kuma duk wanda ya tashi a cikin birnin Katsina ba zai ji baƙunta ba, lungu ne cikin lungu, wani wurin in ka miƙa hannuwa zaka taɓa bango biyu, yara na dawowa daga makarantar allo, babur na maka hon a baya. Kowane gida da dakalinsa a ƙofa, su baraza suke cewa, dattawa na zaune ana shan gahawa ana gardamar siyasa da ƙwallo. Akwai wata mahaɗa da ake kira Jaws Corner, majalisa ce sak irin tamu, ka yi sallama ka zauna ka sayi gahawa ɗan ƙaramin kofi da alawar gyaɗa ko ta kwakwa da suke cewa kashata. In dattijo ne ka ce shikamoo, zai amsa marahaba, daga nan hira ta buɗe. Kalmominsu da yawa ma zaka tsinta da kanka don daga Larabci muka ɗebo mu da su, habari labari, sabuni sabulu, Alhamisi, Ijumaa, dunia.

Ka riƙa ɗaga kai kana kallon ƙofofi. Manyan ƙyamare ne na katako da aka sassaƙa da hannu, wasu da ayoyi a samansu, wasu da ƙusoshin tagulla manya-manya masu tsini irin na Indiya. A da ƙofa ita ke faɗin waye mai gida, kamar yadda zanen soro ke yi a wurinmu.

Daga nan ɗan rakiya zai kai ka tsohuwar ganuwa, Ngome Kongwe, wadda Larabawan Oman suka gina wajen 1700 bayan sun kori Turawan Fotugal. Kusa da ita ga Beit al Ajaib, gidan abubuwan mamaki, Sarki Barghash ya gina shi a 1883, shine gini na farko da ya samu wutar lantarki a tsibirin har da lif, sai dai wani ɓangarensa ya rufta a Disamba 2020, daga waje muka kalle shi. A bakin ruwan nan ne kuma aka yi yaƙin da ake cewa ya fi kowane gajarta a tarihi, ran 27 ga Agusta 1896, jiragen Ingila suka buɗe wa fadar sarki wuta, ko minti 45 ba a yi ba aka gama. Wato da za a tada sallar tarawihi lokacin da aka fara, kafin a sallame an ci gari.

Wurin da zan ce kada ka tsallake ko da ka gaji shine tsohuwar kasuwar bayi. Tun da Sarki Sayyid Sa'id ya maido fadarsa daga Maskat zuwa nan wajen 1840, arzikin garin ya tsaya ne kan kanumfari da hauren giwa da cinikin mutane, ana kamo su daga can cikin ƙasa har yankin manyan tafkuna a kawo nan a sayar. A 1873 aka rufe kasuwar, Turawan mishan suka gina coci a kan filin, tana nan har yau. Akwai ɗakuna biyu a ƙarƙashin ƙasa da ake shiga da kai, rufin ƙasa-ƙasa sai ka duƙa, iska ta 'yar kafa kawai take shigowa, a waje kuma ga gumakan mutane biyar tsaye cikin rami da sarƙa a wuya. Uwargida bata iya daɗewa a ciki ba. Ni kuma abinda ya tsaya mani a rai shine mu ma fa ƙasarmu an yi wannan cinikin, kasuwanninmu sun san shi, kawai dai mu ba mu ware wani ɗaki da ake kai yara su gani ba. Harabar coci ce, in shiga cikin cocin bai kwanta maka ba ɗakunan da gidan tarihin a gefe suke.

Ka ƙarasa da kasuwar Darajani ka ga kifayen da wani ya fi ɗan akuya girma, ka yi azahar, ka ci pilau ko biriyani a gidan abincin da 'yan gari ke ci, sannan ka gangara bakin ruwa ka hau kwalekwale mai inji zuwa Changuu, wanda aka fi sani da tsibirin kurkuku. Tafiyar kamar rabin awa ce. Ciniki a ƙasa ake gama shi, kuɗin zuwa da dawowa ne, na shiga tsibirin daban yake, kuma kada ka biya duka sai an maido ka. Ka ce a baka rigar kariya ka ɗaura tun kafin a tada inji, kada kunya ta hana ka, mu ba 'yan ruwa bane, wanda ya fi kowa iyo a cikinmu a kududdufin bayan gari ya koya. An gina kurkukun a 1893 amma ba a taɓa tsare fursuna a ciki ba, sai ya zama wurin killace masu cuta da ke shigowa ta jirgin ruwa. Abin kallon yanzu kunkuru ne, manya-manya irin na tsibirin Aldabra da aka kawo kyauta daga Seshel a 1919, wani in ya tsaya bayansa ya kai gwiwarka ko ya wuce, wasunsu sun haura shekara ɗari. Kada ka hau bayansu kada ka bari yaro ya hau, kuma ka kula da yatsa, bakinsu ba wasa.

Rana ta uku, gonar kayan ƙamshi sai teku

Ka haɗa kayanka ka sallami masauki, mota ɗaya ta kai ka gona ta wuce da kai bakin teku. Gonakin suna wajen Kizimbani da Kidichi, ba nisa da gari. Na ɗauka ɓata lokaci ne, ashe nan ne uwargida zata fi jin daɗi, don duk abinda take saya a ƙulle a kasuwa busasshe nan ta gan shi a jikin uwarsa. Kanumfari ashe tohon fure ne na wata doguwar bishiya ake tsinkewa a shanya, kirfa ɓawon itace ce ake ɓarewa, masoro kuma yaɗo yake yi yana hawa wata bishiyar kamar wake, ga citta da kurkur ana tono su a gabanka, ga gyaɗar ƙamshi cikin 'ya'yanta da wani jan zare a naɗe. Za a riƙa murza ganye ana baka ka shinshina ka canka. A ƙarshe wani yaro zai hau kwakwa yana waƙa ya sauko maka da ɗanya a fasa ka sha, ka tanadi 'yan canji na ihsani don su da yawa da wannan suke ci. Awa biyu ta isa.

To yanzu sai zaɓi, arewa ko gabas, kuma abinda zai raba maka gardama shine janyewar ruwa. Wannan ne abinda babu wanda ya faɗa mani. Teku ba kamar dam bane da yake zaune wuri ɗaya, sau biyu a yini yake cika ya janye, kusan awa shida yana zuwa awa shida yana komawa, kullum kuma lokacin na matsawa gaba da kamar minti hamsin. Da wata yake tafiya, in wata ya kama da kuma daren sha huɗu sha biyar cikar ta fi yawa janyewar ma ta fi nisa, kaga mu masu lissafin watan Musulunci mun ma fi Bature saurin gane abin. Mun isa Paje da rana tsaka na fito da ɗokina, sai na tarar babu teku, farin yashi ne fetal har inda ido ya ƙure, ruwan na can nesa kamar zare, har na fara zargin ko hoton wani wurin aka nuna mani aka karɓi kuɗina. Kafin magariba ruwa ya dawo har gindin katangar masauki. Kowane masauki na da jadawalin ruwan, ka nema tun a daren da ka sauka, da shi zaka tsara wanka da fita da komai.

In gabas ka zaɓa, Paje ko Jambiani, tafiyar awa ɗaya da 'yan mintuna ce daga gari, kuma dajin Jozani na kan hanyar, ka tsaya awa ɗaya ka ga jan birin nan mai farin gashi a fuska da babu irinsa a duniya sai Zanzibar, basu tsoron mutane amma an hana taɓa su da basu abinci, sai kuma wata gadar katako da ke ratsa itatuwan da ke tsiro cikin ruwan gishiri. Gabas ta fi shiru, ta fi dacewa da mai iyali, kuma wanda bai iya ruwa ba nan ne nasa, in ruwa ya janye sai ka taka ka yi ta tafiya cikin ruwa iya idon sawu, ka iske mata da zannuwansu suna noman ciyawar teku a jikin igiyoyi da turaku, gona ce sosai sai dai a cikin ruwa. Ka gaishe su, kada ka ɗauki hoton kowa sai ka nemi izini. Nan takalmin roba zai yi amfani, akwai wata baƙar halitta dunƙulalliya mai ƙaya kamar bushiya tana ɓuya cikin duwatsu, in ka taka ta hutunka ya ƙare a ɗingishi. Kuma da ka ga ruwan ya fara dawowa ka juyo, yana da sauri fiye da yadda ido ke gani.

In kuma burinka ka shiga ruwa ko yaushe ka ga dama kuma ka ga faɗuwar rana, to arewa, Nungwi ko Kendwa, kamar awa ɗaya da rabi daga gari. Can ruwan baya gudu da nisa. A Nungwi zaka ga masassaƙa na haɗa jiragen katako da hannu a bakin ruwa, akwai kuma wurin kula da kififfiyar teku kusa da hasumiyar fitila. Amma in faɗa maka gaskiya can ne Turawa suka fi yawa, da shigarsu irin wadda ka sani, ga mashaya ga kiɗa, a Kendwa ma har casu ake yi na musamman in wata ya cika. Mai tafiya da iyali ya duba kwanan wata, ya kuma nemi masauki can gefe, ka tambaya tun a waya ko suna da abinci ba giya a wurin, akwai su da yawa na 'yan gari.

Rana ta huɗu

Fita ɗaya tak cikin teku da safe, sauran yinin ka zauna. In kana arewa a kai ka wajen Mnemba, tsibirin kansa ba a sauka don na masu kuɗi ne, a gefensa ake tsayawa a baka tabarau da bututun numfashi ka kifa fuska cikin ruwa. Ko baka iya iyo ba zaka iya, rigar kariya zata riƙe ka, ka kama igiya ko tayar da ɗan jirgin zai miƙo maka, numfashi ta baki kawai. Minti biyun farko na sha ruwan gishiri har na ce a maida ni, da na natsu kuma sai ga kifaye rawaya da shuɗi da masu zane kamar atamfa suna wucewa ta gaban hancina, sai da aka yi ta kira na kafin na fito. Sau da yawa ana cin karo da dolfin, wata babbar dabbar ruwa mai kama da kifi, a hanyar. In kana gabas kuma Kizimkazi ce kusa da kai a kudu, can ma ana fita ganin dolfin da sassafe, amma ni abinda zai kai ni shine tsohon masallacinsu, akwai tsohon rubutun Larabci irin na Kufi a jikin bangon alƙibla mai ɗauke da shekara ta 500 bayan hijira, wato 1107, kaga asalinsa ya girmi hasumiyar Gobarau da ɗaruruwan shekaru kuma har yau ana sallah a cikinsa.

Kada ka ci abinci mai nauyi kafin ka hau jirgi, ka tauna citta in kana jin tashin zuciya, waya kuma a sa ta cikin jakar da ruwa baya shiga. Rana a kan teku daban take da ta Katsina, iska na kaɗawa ba zaka ji zafinta ba sai da dare kafaɗa ta fara raɗaɗi, baƙar fata ma saɓulewa take yi, ka bar rigarka a jiki ka sa hula.

Tsaraba a Darajani zaka saya ba a shagunan Turawa na bakin titi ba, shi yasa yana da kyau ranar komawa ka baro bakin teku da wuri ka ratsa ta gari. Kanumfari da kirfa da masoro a auna maka da kilo, turaren wuta da suke cewa udi, hular kofia mai ɗinkin hannu ta Baba, sai kanga na mata, zane ne da ake sayarwa biyu-biyu kuma kowane da karin magana rubuce a gefensa da Swahili. Ka sa mai shago ya fassara maka kafin ka biya, don wasu addu'a ne wasu kuwa habaici ne na kishiyoyi tsagwaronsa, saura kaɗan in kai wa Hajiya surukata wanda bai kamata ba. Ciniki kamar na gida ne, a faɗa ka taya, in an ƙi ka yi kamar zaka tafi. Kayan ƙamshin ka naɗe su da kyau ka sa a babbar jaka, in ba haka ba duk suturarka sai ta koma warin kanumfari har Kano. Ka isa filin jirgi awa uku kafin tashi, shilin da ya rage maka kuma ka kashe shi ko ka canza a can, don a Wapa babu mai karɓarsa.